Awon yaɗuwar ruwa a faifan ƙashin baya da na'urar MRI: har ina za a dogara da lambar?

Tambayoyin da ke ƙasa suna yawan fitowa daga bakin ɗaliban aikin hoton asibiti, da likitocin gashin ƙashi, da masu bincike, har da majinyatan da suka ga haruffan ADC a takardar sakamakonsu suka rasa gane kansu. Amsoshin farko na kowa ne. Na gaba sun fi shafar mai zama gaban na'ura ko mai karanta rahoton bincike.

Mene ne ainihin abin da wannan awo yake aunawa?

Ƙwayoyin ruwa ba sa zama wuri ɗaya. Ko a cikin jikin mutumin da ya kwanta bai motsa ba, suna ta kai-komo saboda ɗumin da ke cikinsu. A ruwan da babu abin da ya tare shi suna tafiya da nisa. A cikin nama mai cunkoson zare da ƙwayoyin halitta tafiyar tana gajarcewa. Wannan kai-komo shi ake kira yaɗuwa a nan.

Na'urar MRI tana gano shi ta hanyar da Stejskal da Tanner suka bayyana a 1965: a ba da bugun maganaɗisu guda biyu masu ƙarfi ɗaya, na biyu yana warware abin da na farko ya yi. Ruwan da ya tsaya wuri ɗaya yana dawo da siginarsa cikakkiya, wanda ya gusa kuwa yana asarar wani kaso. Daga yawan asarar ake lissafa lambar da ake kira ADC, sunan da Denis Le Bihan na Faransa da abokan aikinsa suka shigo da shi a 1986. Harafin farko na sunan yana nufin "a zahiri", wato lambar ba tsantsar yaɗuwa ba ce. Ta haɗa da duk wani motsi da ya rage sigina.

Me ya sa ake sha'awar auna shi a faifan baya musamman?

Tsakanin kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai faifai. A ƙasan baya guda biyar ne, daga L1-L2 zuwa L5-S1, kowanne ana kiransa da sunan ƙasusuwan biyu da yake tsakaninsu. Kowanne yana da cibiya mai laushi wadda mafi yawanta ruwa ne, da zobe mai tauri na zare da ya kewaye ta, da siraran murafan guringuntsi sama da ƙasa. Cibiyar faifan baligi ba ta da jijiyoyin jini. Sukari da iskar da ƙwayoyinta suke rayuwa da su suna ratsowa ne ta murafan nan, dattin da suka fitar kuma ta nan yake komawa. Rayuwar faifai gaba ɗaya a kan yaɗuwa ta dogara.

Idan faifai ya fara lalacewa, sinadarin da ke riƙe ruwa a cibiya yana raguwa, ruwan ya ragu, zare ya ƙaru. Hoton MRI da aka saba da shi, wanda ake kira T2, yana nuna wannan da duhu, likita ya ba shi mataki daga 1 zuwa 5 bisa tsarin Pfirrmann na 2001. Amma wannan hukuncin ido ne. Begen masu bincike shi ne a samu lamba wadda za ta kama canji tun kafin ido ya gan shi.

Lamba nawa ce ta lafiyayyen faifai?

Ana rubuta ADC kamar haka: 1.8 × 10⁻³ mm²/s. Daga nan gaba za a riƙa kawo lambar farko kawai. Tsantsar ruwa a ɗumin jiki yana kusan 3.0, ruwan da ke kewaye da jijiyoyin laka ma haka. Ɓargon ƙashin baya yana ƙasa sosai, galibi bai kai 0.6 ba. Cibiyar lafiyayyen faifai tana tsakani. Rahotanni sun kawo ta daga kusan 1.5 zuwa sama da 2.0 kaɗan.

Wannan tazara tana da faɗi, kuma ba bambancin mutane kaɗai ya jawo ta ba. Na'ura, da tsarin ɗauka, da girman wurin da aka auna duk suna da hannu. Shi ya sa babu wata iyaka da aka amince da ita a duniya wadda za a ce ƙasa da ita cuta ce. Wanda ya ɗauko lambar wani rahoto ya gwada da tasa, ya fara karanta amsar da ke magana kan na'urori biyu.

Idan aka ce awo "abin dogaro ne", me ake nufi?

Ana nufin idan aka sake shi alhali babu abin da ya canza a jikin mutum, lambar za ta dawo kusa da ta farko. Tambayar tana da hawa-hawa. Mafi sauƙi: mutum ɗaya ya auna hoto ɗaya sau biyu. Na gaba: mutum biyu su auna hoto ɗaya. Na uku, wanda ya fi muhimmanci kuma aka fi tsallakewa: a sauko da mutum daga gadon na'ura, a sake kwantar da shi, a sake ɗauka daga farko. Na huɗu shi ne wata na'ura a wani wuri.

Rahoto yakan ce awonsa yana da tabbas sosai, amma idan ka duba sai ka tarar hawa na ɗaya da na biyu kaɗai ya gwada. Waɗannan suna nuna cewa masu zana wurin awo sun yi daidai da juna a kan hoto guda. Ba su ce komai ba game da abin da zai faru idan majinyacin ya dawo bayan wata uku. Sannan maimaituwa daban, gaskiya daban: hoton da ya karkace iri ɗaya kullum zai ba da lamba ɗaya kullum, ko da ba ta faifan ba ce.

To a gajarce, ana iya dogara da shi ko ba a iyawa?

A tsakiyar cibiyar faifan da ke da ruwa da tsayi, a na'ura ɗaya da tsari ɗaya, awon yana maimaituwa da kyau, kuma masu aunawa sukan yi daidai da juna. A zobe abin ya fi rauni. A faifan da ya bushe ya ƙanƙance ya fi rauni ma. Abin takaicin kenan, domin faifan da aka fi son sanin halinsa shi ne wanda ya fi wuyar aunawa. Dalilan suna cikin amsoshin da ke tafe kan da'irar awo da kan lalataccen faifai.

Rahoto ya ce ICC ɗinsa ya haura 0.9. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba shi kaɗai. ICC lamba ce tsakanin 0 da 1 da ke nuna kason bambancin da ya fito daga ainihin bambancin abubuwan da aka auna, ba daga kuskure ba. Bisa rabon da Koo da Li suka bayar a 2016, ƙasa da 0.5 rauni ne, 0.5 zuwa 0.75 matsakaici, 0.75 zuwa 0.9 mai kyau, sama da 0.9 mai kyau ƙwarai. Ana yawan ambaton wannan rabo, kuma yana da amfani.

Matsalar ita ce ICC yana hawa idan abubuwan da aka tara sun sha bamban da juna. Haɗa fayafayan matasa masu cike da ruwa da na tsofaffi busassu a bincike ɗaya, ICC zai yi kyau ko da awon yana da kuskure mai yawa, domin raba baƙi da fari ba ya buƙatar ido mai kaifi. Ɗauki wannan awo ka gwada shi a kan mutanen da fayafayansu suka yi kama da juna, sai ICC ya faɗi, alhali kuskuren bai ƙaru ba. Akwai wani abu kuma da ake yawan yi: a ɗauki fayafai biyar daga kowane mutum a ƙirga su kamar na mutane biyar ne daban. Fayafayan mutum ɗaya suna tafiya tare, saboda haka yawan samfurin bai kai yadda aka rubuta ba.

Abin da ya kamata ya raka ICC shi ne girman kuskure a ma'aunin ADC kansa, tare da zanen Bland da Altman na 1986, wanda ke nuna bambancin awo biyu a fili, ya kuma fallasa idan kuskuren ya fi yawa a ƙananan lambobi.

Ta yaya zan san cewa canjin da na gani na gaske ne?

Akwai lissafi mai sauƙi. A nemo kuskuren awo ɗaya, wanda ake kira SEM, daga gwajin da aka sauko da mutum aka sake kwantar da shi. A ninka shi da 2.77. Abin da ya fito shi ne mafi ƙanƙantar canjin da za a iya cewa ya wuce kuskure, da tabbacin kashi 95 cikin ɗari. Lambar 2.77 ta fito ne daga ninka 1.96 da tushen 2 (kusan 1.41), domin awo biyu ake kwatantawa kuma kowanne yana ɗauke da nasa kuskuren.

A ce SEM na wata na'ura 0.05 ne. Iyakar ta zama kusan 0.14. Majinyaci ya zo aka samu 1.80 a L4-L5, ya dawo aka samu 1.90. An ga ƙari na 0.10, ido yana so ya yi murna, amma bai kai iyakar ba. Ba za a iya rantsuwa cewa faifan ya canza ba. Da 1.98 aka samu, sai a fara magana. A rukunin mutane da yawa kuwa, matsakaicin canji ƙarami yana iya zama na gaske, domin kurakuran suna kashe juna. Wannan ne bambancin da ya fi ruɗa mutane: abin da ya tabbata ga rukuni ba lallai ya tabbata ga mutum ɗaya ba.

Lokacin da aka ɗauki hoton yana da tasiri?

Yana da shi. Faifai kamar soso yake: nauyin jiki yana matse ruwansa da rana, kwanciyar dare ta bar shi ya sake sha. Shi ya sa mutum ya fi tsawo da safe da kusan santimita 1 zuwa 2. Tun da yawan ruwan faifai yana sauyawa tsakanin safe da yamma, awon da ya dogara da ruwa bai kamata a ɗauka zai tsaya cak ba.

Haka kuma abin da mutum ya yi kafin ya shiga: doguwar tsayuwa, ɗaukar kaya, zama a mota, ko kwanciya a ɗakin jira. Da zarar ya kwanta a gadon na'ura faifan ya fara hutawa, don haka hoton da aka ɗauka a farkon zama da wanda aka ɗauka bayan rabin sa'a ba a hali ɗaya suka same shi ba. Mai son kwatanta awo biyu ya daidaita sa'ar yini, da tsawon kwanciya kafin ɗauka, da matashin da ke ƙarƙashin gwiwa.

Wurin da aka zana da'irar awo fa?

Nan ne hannun ɗan Adam yake shigowa. Mai aunawa yana buɗe hoton gefe, ya zaɓi fallen tsakiya, ya zana da'ira ko siffar ƙwai a cibiya, kwamfuta ta ba shi matsakaicin ADC na ɗigogin da ke ciki. Ɗigon wannan hoto ba ƙarami ba ne, yakan kai kusan milimita 2, kaurin falle kuma 4 ko 5. Lafiyayyen faifan ƙasan baya tsayinsa kusan santimita 1 ne. Ke nan ɗigogi ƙalilan ne daga sama zuwa ƙasa. Da'ira ta gusa sama da ɗigo ɗaya, ta lashi gefen ƙashi, lambar ta faɗi. Ta gusa baya ta taɓa ruwan laka, lambar ta tashi.

Ƙaramar da'ira tana kauce wa gefe amma ɗigoginta kaɗan ne, saboda haka tana rawa. Babba ta fi natsuwa amma tana gauraya cibiya da zobe. L5-S1 ya fi ba da wahala saboda yana karkace kuma sau da yawa ya fi sauran siranta. Dabarar da ke taimakawa ita ce a zana a kan hoton da ba a sa masa nauyin yaɗuwa ba, wanda aka ɗauka a jeri ɗaya, sannan a kwafa zuwa taswirar ADC. Kwafowa daga hoton T2 na yau da kullum yana da haɗari, saboda dalilin da ke cikin amsa ta gaba.

Me ya sa hoton yaɗuwa yake fitowa a karkace?

Yawancin na'urori suna amfani da hanyar ɗauka mai sauri da ake kira EPI, wadda Peter Mansfield na Ingila ya ƙirƙiro a 1977. Saurin yana hana motsi ɓata hoto, amma hanyar tana da rauni a wurin da abubuwa biyu masu bambancin amsa maganaɗisu suka haɗu. Gadon baya cike yake da irin waɗannan wurare: ƙashi a jikin faifai, iskar hanji a gaba, wani lokaci har iska a cikin tsagewar faifan. Sakamakon shi ne faifai ya miƙe, ko ya matse, ko siginar wurare biyu ta taru wuri ɗaya. Ƙarfen tiyata yana ƙara dagula lamarin, har awon kusa da shi ya zama ba shi da amfani.

Na'ura mai ƙarfin maganaɗisu Tesla 3 tana ba da sigina fiye da mai 1.5, amma karkacewarta ma ta fi yawa. Kamfanoni sun fito da hanyoyin ragewa, kamar taƙaita filin ɗauka ko rarraba shi kashi-kashi: RESOLVE da ZOOMit na Siemens, FOCUS da MUSE na GE. Suna gyara siffa sosai. Sai dai sauya hanya yana iya sauya lambar, don haka ba a canzawa a tsakiyar bincike.

Mene ne lambar b, kuma me ya sa ake cewa a rubuta ta kullum?

Lambar b ita ce nauyin yaɗuwar da aka ɗora wa hoton. Ana buƙatar aƙalla biyu don lissafa ADC, misali 0 da 500. Idan b ta yi ƙanƙanta, asarar sigina ba ta da yawa, ƙaramin kuskure ya zama babba a lissafi. Idan ta yi girma, siginar tana nutsewa. Faifai ɗaya yana iya ba da ADC daban a b 400 da b 1000, don haka lambar da ba a faɗi b ɗinta ba rabin bayani ce.

Me ya sa lalataccen faifai ya fi wuyar aunawa?

Abubuwa uku ne suke haɗuwa masa. Ya sirance, don haka kowane ɗigo yana gauraye da ƙashi. Iyakar cibiya da zobe ta ɓace, masu aunawa biyu ba za su yarda a kan inda tsakiya take ba. Sannan siginarsa tun farko kaɗan ce.

Na ukun yana da dabara a ciki. Kowane hoton MRI yana da hayaniyar lantarki, kuma a hoton da aka saba nunawa wannan hayaniya ba ta sauka ƙasa da sifili. Idan siginar faifai ta yi ƙasa har ta kai matakin hayaniyar, kwamfuta tana ganin kamar siginar ba ta ragu sosai ba, sai ta ba da ADC ƙasa da gaskiya. Ke nan wani ɓangare na raguwar da ake gani a busasshen faifai yana iya zama aikin hayaniya. A ɗaya gefen kuma, faifan da ya tsattsage ruwa ya taru a tsagewar yana iya nuna ADC mai tsayi, kamar lafiyayye. Shi ya sa ba a karanta lambar ba tare da kallon hoton T2 ba.

Zan iya kwatanta sakamakon na'urori biyu?

Da taka-tsantsan sosai, kuma ga mutum ɗaya gara a guje shi. Masu bincike suna gwada na'urori da kwalbar ruwa da aka nutsar cikin ƙanƙara, domin ruwa a digiri 0 yana da yaɗuwa sananniya, kusan 1.1. Ƙanƙarar tana da dalili: yaɗuwar ruwa tana ƙaruwa da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari a kowane digiri, don haka kwalbar da ke ɗumin ɗaki ba ma'auni ba ce. A tsakiyar maganaɗisu na'urori masu kyau sukan yi kusa da juna. Idan aka gusa daga tsakiya kuskure yana ƙaruwa, kuma ƙasan baya dogo ne. Ba zai yiwu dukkan fayafai biyar su zauna a tsakiyar ba.

Ƙungiyar QIBA ta likitocin hoto a Amurka ta fitar da ƙa'idojin ADC ga ƙwaƙwalwa da hanta da mama da furostet, wato gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Faifan baya ba ya cikin wannan jeri, saboda haka kowace cibiya ita ce za ta auna kuskurenta da kanta.

ADC ɗina ya yi ƙasa. Shi ne dalilin ciwon bayana?

Lambar ba za ta iya faɗin haka ba. Wani nazari da Brinjikji da abokan aikinsa suka buga a 2015 ya tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan: an ga alamun lalacewar faifai a kashi 37 cikin ɗari na masu shekara 20, da kashi 96 na masu shekara 80. Bushewar faifai tafiya take da shekaru, da ciwo ko babu. Likita yana yanke hukunci ne daga labarin ciwon da gwajin jiki, hoto ya biyo baya.

Abin da ke buƙatar gaggawa ba ya jiran ADC: riƙewar fitsari ko kasa riƙe shi ko bayan gida, mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, raunin ƙafa da ke ƙaruwa, ko ciwon baya tare da zazzaɓi ko ramewa. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ya nufi asibiti nan take.

An ce gashin baya yana ƙara yaɗuwar ruwa a faifai. Gaskiya ne?

Paul Beattie da abokan aikinsa a Amurka sun ba da rahoto a 2010 cewa mutanen da ciwonsu ya ragu nan take bayan an motsa gaɓoɓin bayansu da hannu, sun kuma yi motsa jikin miƙe baya a ruf-da-ciki, sun nuna ƙarin ADC a L5-S1. Aiki ne mai jan hankali, kuma ya cancanci a bi sawunsa. Amma canjin ƙarami ne, a rukuni aka gan shi, kuma jim kaɗan bayan magani aka auna. Bai nuna cewa ƙarin yaɗuwar ne ya rage ciwon ba, bai kuma nuna faifan ya warke ba. Mai karanta irin wannan rahoto ya nemi SEM ɗinsu, ya yi lissafin da aka bayyana a sama, ya ga mutum nawa ne canjinsu ya tsallake iyakar.

Ɗaukar hoton yana da haɗari?

Babu hasken ekisire a ciki, ba a kuma buƙatar allurar rini. 'Yan mintuna ne ake ƙarawa a kan MRI na baya, kuma ƙararsa ta fi ta sauran jeri, don haka a sa abin toshe kunne. Ƙa'idojin ƙarfe a jiki da na'urar bugun zuciya su ne dai na kowane MRI. A faɗa wa ma'aikaci kafin a shiga. Taimakon da majinyaci zai yi shi ne ya kwanta bai motsa ba.

Ina shirin yin bincike da wannan awo. Daga ina zan fara?

Fara da auna kuskuren na'urarka kafin ka auna tasirin komai. Ɗauki mutane irin waɗanda binciken zai shafa, har da masu lalatattun fayafai, ba lafiyayyun matasa kaɗai ba. A ɗauki kowa sau biyu, ya sauka ya sake kwanciya a tsakani, wasu kuma su dawo wata rana a sa'a ɗaya. Masu zana da'ira kada su san wane hoto ne na farko, kada kuma su ga zanen juna. Ka rubuta tun kafin farawa wane irin faifai ne za a cire saboda karkacewa ko siranta, sannan ka faɗi adadin waɗanda aka cire, domin rahoton da ya zubar da masu wuya a ɓoye zai yi kyau fiye da gaskiya. Ka ba da SEM na kowane faifai daga L1-L2 zuwa L5-S1 da na kowane rukunin Pfirrmann daban. Idan kamfani ya sabunta manhajar na'urar a tsakiyar aikin, a sake gwajin kwalbar ƙanƙara kafin a ɗauki mutum na gaba.